Huɗar Babanku a Tsakiyar Titi

Ku shigo ku zauna. Babba, ajiye wayar nan, ofis ba zai rushe ba don ka saurari uwarka. Ke malamar asibiti, matso kusa, kunnenki nake so, ba allurarki ba. Auta, turo ƙofa. Babanku yana waje yana ba mutane labari, kuma nasa labarin bai haɗa hanya da abin da ya faru ba. Ba kewarku ce ta sa na taro ku daga wuraren aikinku ba. Magana ce, kuma ba mai komawa sai an yanke ta.

Taraktar nan ku kuka haɗa hannu kuka saya mini, ni, don gonar tawa ce. Tun da ta shigo gidan nan ba ta ba ni kunya ba. Direba yana kula da ita, ni ina kula da direba. To ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi laushi, irin masarata yana ɗaki a ɗaure. Kun taso a gona, kun san ɗan tsakanin nan ba ya jira. In ba a yi huɗa a cikinsa ba, ciyawa ta riga ka, shekara ta tafi.

A bayan tarakta akwai hannuwan ƙarfe da ke riƙe garma. Direba yana danna maɓalli a gefen kujerarsa garma ta tashi, ya sake dannawa ta sauka. Wuta ce ke kai saƙon, mai ne ke ɗagawar. Safiyar da za a fita gona, direba ya tayar da inji, ya danna, garma ta ƙi motsi. Tana zaune a ƙasa abinta, wata 'yar fitila a gefen maɓallin tana ta ƙiftawa. Na kira makanike. Ya ce yana nesa a kan wani aiki, sai jibi. Ya ce, "Hajiya, fitilar nan magana take yi, ƙiftawarta ce za ta gaya mini inda ciwon yake. Ina jin ba wani abu ba ne. Kada dai kowa ya taɓa."

Ina ajiye waya na ji gyaran murya a bayana.

Kun san mutumin. Duk shekarun da ya yi a wurin aiki, tsani yake riƙe wa masu gyaran wuta. Su suna sama, shi yana ƙasa yana miƙa filaya. Ranar da ya ajiye aiki ya dawo gida da abu biyu. Na farko testa, sukundireban nan mai 'yar fitila a ciki da ake tsomawa a soket ta yi ja. Na biyu suna, wai Injiniya. Ba wanda ya raɗa masa. Shi ya fara kiran kansa, 'yan layi suka karɓa don dariya, shi kuma ya ɗauka girmamawa ce. Tun daga lokacin, in kana son hasken kicin sai ka shiga banɗaki ka kunna. Fankar ɗakina tana juyi, amma rufi take yi wa fifita. Dutsen guga kuwa, Auta, ke kin fi kowa sani, har yau ba kya kusantarsa sai da takalmin roba.

Ya ce, "Jibi? Jibi fa na ji? Da Injiniya a cikin gida za a zauna jiran wani mai baƙin farce har jibi?"

Na ce, "Malam, cewa ya yi kada a taɓa."

"Ai dole ya ce haka. Wa zai so a gane aikinsa ba komai ba ne? Wuta dai wuta ce, Hajiya. Ta gida, ta mota, ta sama mai walƙiya, duk uwa ɗaya ta haife su. Kafin ki sauke tukunya garmar nan tana sama."

Direba ya ce, "Baba, wannan fa akwai akwatin ƙwaƙwalwa a cikinta."

"Ni kuma kabewa ce a kan wuyana? Tafi gida ka huta. In na gama zan aika."

Na ce ba zai taɓa ba, ya ce zai taɓa, na shiga duba tukunya, na fito na tarar ya riga ya kwance murfin gefe. Ya sa tsohuwar rigar aikinsa wadda yanzu ba ta rufe masa ciki. Ya aika an kira masa amininsa Dogo mai aski, don babanku aikin da ba 'yan kallo ba ya yi masa daɗi. Dogo ya rufe shago ya zo da kujerarsa. Mai facin bakin layi ma ya leƙo, ya jingina da bango ya harɗe hannu.

Ni na zagaya baya na duba, tun da ido ba ya bukatar takardar shaida. Kusa da hannun hagu na ga wata waya, kanta ya zare daga mazauninsa, tana reto, laka ta cika bakinta. Na ce, "Malam, wannan fa? Ko a wanke ta a mayar a gani?"

Ko sunkuyawa bai yi ba. "Wannan ta ado ce. Kamfani suna sa irinsu don su rikita wanda bai sani ba. Ga shi kuwa ta kama ki." Ya sa filaya, ƙat, ya wurga ta kan rufin kaji. "Mun rage ɗaya."

Sai ya zaro testa. Ya fere waya ta farko, ya ɗora bakin testa, ya ɗora yatsa a gindinta, ya ƙura ido. Ba haske.

"Matacciya," in ji shi.

Dogo ya ce, "Allah ya ji ƙanta."

Ya fere ta biyu. "Matacciya."

"Allah ya ba iyalinta haƙuri."

Haka suka yi ta yi, shi yana sanarwa, Dogo yana ta'aziyya. Duk wayar da ya taɓa gawa ce. Ni ban yi makarantar wuta ba, amma na daɗe da lura makanike bai taɓa zuwa da irin wannan testar ba, nasa wani ɗan akwati ne mai igiya biyu. Mai faci ne ya fito da abin fili. Ya ce, "Injiniya, anya testar gida tana jin wutar batir kuwa? Na ji an ce ta batir ta yi mata kaɗan. Ko wayar lafiya lau take, ba za ta haska ba."

Babanku ya juyo a hankali. "Kai da kake hura wa taya iska, me ya haɗa ka da wuta? Ku biyo ni."

Ya ja su har falo, ya tsoma testa a soket, ta yi ja. Ya sa kowa ya sunkuya ya gani, har ni. Ya ce, "Testa ba ta ƙarya. Mutum ke ƙarya."

Da suka dawo ya ɗora ta a kan batir kansa. Ba haske. Ya tafa hannu. "Ashe daga tushe ne. Batir ya mutu."

Na ce, "Batirin da ya tayar da inji da safen nan?"

"Ragowa ce. Ba ki taɓa ganin kaza tana tsalle bayan an yanka ta ba?"

Don ya nuna mana babu komai a ciki, sai ya ɗauki sifana ya gitta ta a kan kawunan batir biyu. Ban san ƙarar da zan kwatanta muku ba. Tartsatsi ya tashi, kaji suka watse, Dogo ya tafi baya da kujerarsa ƙafafu a sama. Da hayaƙi ya lafa sai ga babanku tsaye, gefen gemu ɗaya ya tafi, gira ɗaya ta bi shi, tsakar gida duk warin ƙonannen gashi.

Dogo daga ƙasa ya ce, "Injiniya, a gaya wa jama'a wannan askin ba nawa ba ne."

Babanku ya shafa inda gemu yake dā, ya duba tafin hannunsa, ya ce, "Wutar da ta maƙale ce ta fita. Yanzu hanya ta buɗe."

Kuna tsammanin zai haƙura? Sabuwar dabara ta zo masa. Tun da wutar tarakta ba ta da ƙarfin haska testa, zai jawo mata ta gida daga soket. Ya shiga neman doguwar wayar nan da muke kai fitila bayan gida. Na riga shi. Na naɗe ta, na ɗora a kujera, na zauna a kai ina gyaran wake.

"Hajiya, ba ki ga doguwar waya ba?"

"Na gani."

"Tana ina?"

"Ƙarƙashina. In kana so, ɗaga ni."

Ya dube ni, ya dubi kujerar, ya dubi hannuwansa. Tun muna da ƙuruciya bai taɓa iyawa ba. Ya fita ya gaya wa Dogo wai ya sake nazari, wutar gida za ta yi wa tarakta nauyi.

Washegari na je duba gona, don in ga inda ciyawa ta kai. Kafin in dawo ya yanke duk wayoyin da ya ce sun mutu, ya tara su a kwando kamar an yi girbi. Wayoyin nan kowace da launinta, akwai kore, akwai rawaya, akwai mai ratsi, don mai gyara ya san wacce ta fito daga ina ta nufi ina. Shi kuwa ya je ya sayo naɗi guda na wayar gida. Ja. Daga farkonta har ƙarshenta ja.

Na ce, "Malam, ta yaya za ka gane ta birki daga ta fitila?"

"Launi na 'yan koyo ne. Ni da ido nake gane waya, kamar yadda kike gane 'ya'yanki."

"Ni ban taɓa datse 'ya'yana na zuba a kwando ba."

Bai ji ba, ko ya yi kamar bai ji ba. Akwatin ƙwaƙwalwar nan da direba ya ambata, ya ciro shi ya jujjuya, ya ga bakinsa ya yi masa yawa, ya ajiye shi a kan kantar kicin kusa da gishiri. Wai ga tasa ƙwaƙwalwar a wurin, me za a yi da ta kamfani. Duk wayar da ya haɗa, fiyus ya ƙone. Ya sa wani, ya ƙone. Da suka ƙare sai ya cusa ƙusa a gurbinsu.

Mai faci ya ce, "Injiniya, ai fiyus don ya mutu aka yi shi, ya ceci sauran."

"Shi ya sa na sallame shi. Rago ne, abu kaɗan ya faɗi. Ƙusa kuwa namiji ce."

Ya wuni yana haɗawa, yana naɗe tef, yana waƙa. Da yamma ya aika aka kira direba ya zo ya ga aiki. Bawan Allah ya leƙa ƙarƙashin kujera, ya ga jajayen wayoyi sun cukurkuɗe kamar hanjin rago, ya nemi wuri a ƙasa ya zauna.

Ya ce, "Baba, wacce ce ta ɗagawa?"

"Ja."

"Ta saukewa fa?"

"Ja."

"Ta hon?"

"Kai ba ka da ido ne? Ja!"

Direba ya juyo wurina. "Hajiya, ina da iyali. Ba zan hau ba."

Babanku ya ce dama bai ce ya hau ba. Ya tattare riga ya hau da kansa, ya murɗa makulli, inji ya tashi, da batirin nan da ya ce ya mutu jiya. Ya danna maɓallin ɗagawa. Abin share gilashi ya fara kaɗawa. Ya danna na saukewa. Fitilar baya ta kama. Garma tana nan inda take, ko gezau. Gumi ya karyo masa. Yana gyara zama don ya sauko, ƙafarsa ta taka birki, sai garma ta yi fuu ta tashi har ƙarshe.

Na rantse muku shi ma ya tsorata, na ga fuskarsa. Amma kafin ya gama juyowa ya gyara ta.

"Kun gani?"

Mai faci ya ce, "Ai birki ka taka."

"Da gangan. Sabon tsari ne. Hannu yana kan sitiyari, ƙafa tana aiki. Kamfanin ma ba su kai nan ba tukuna."

Na ce, "To sauke ta mu gani."

"Saukewa a gona ake yi. Wa ke sauke garma a tsakar gida?"

Da safe ya yi wanka, ya sa kayan da yake zuwa ɗaurin aure da su, ya taje rabin gemun da ya rage. Ya ce shi da kansa zai kai tarakta gona, kuma ta layinmu zai bi daga farko har ƙarshe don masu dariya su gani. Na tsaya a bakin ƙofa na ce ba za ta fita ba. Ya ce to in zauna a kanta ita ma. Dogo ya ɗare saman murfin taya ya riƙe ƙarfe kamar ango. Ni da direba muka bi su a ƙafa.

Kun san layin nan, ƙasa ce, ba kwalta. Kun san famfon da ke kwanar ƙarshe, wanda mazan layi suka haƙa wa rami da hannunsu suka binne bututu, bayan mun yi shekaru muna ɗauko ruwa daga nesa. Da safe mata cike suke a wurin da bokitai.

Yana fita ƙofa ya sa sigina. Fitila ba ta kama ba, amma hon ya fara, ɓit, ɓit, ɓit, daidai da yadda sigina ke ƙiftawa. Dogo ya ɗaga murya, "Wannan ma da gangan ne!" Mutane suka fara fitowa daga gidaje. Babanku ya kashe sigina, ya gyara hula, ya miƙe hanya.

Bai yi nisa ba sai ga wani mai keke a gabansa, yana tafiya a hankali da buhu a baya. Babanku ya danna hon. Ba ƙara. Ya sake dannawa. Shiru. Sai ya ɗora tafin hannu ya danne da ƙarfinsa duka. Ni da nake baya na ga inda saƙon ya tafi. Garma ta faɗo tim, haƙoranta suka nutse a titi.

Inji ya yi nishi, baƙin hayaƙi ya tashi. Babanku ya ɗauka gangara ce ta ƙare, ya ƙara mai. Titi ya fara buɗewa a bayansa, ƙasa tana juyawa kunya-kunya. Kuma zan faɗi gaskiya, huɗa ce mai kyau. Miƙaƙƙiya, mai zurfi. Irin wadda nake roƙon Allah a gonata, ga ta ana yi wa layi kyauta.

Direba ya ruga yana ihu. Jama'a suka ɗauka, "Baya! Injiniya, duba baya!" Kowa yana ɗaga hannu yana nuni. Ƙarar inji ta hana shi ji. Abin da ya gani kawai, layi ya cika, hannuwa suna sama, ana kiran sunansa. Ya saki sitiyari ya ɗaga nasa hannuwan biyu.

"Na gode! Na gode! Ba komai, aikinmu ne!"

Dogo ma yana sunkuyar da kai hagu da dama yana karɓar gaisuwa. Bai waiga ba sai da suka zo daidai shagonsa. Garma ta ɗauke dakalin ƙofar, ta haɗa da bencin da masu jiran aski ke zama da allon da aka zana kawuna a jiki. Dogo ya waiga ya ga allonsa yana binsu a cikin ƙasa, ya fara dukan kafaɗar babanku.

"Injiniya! Shagona!"

"Na gan shi, Dogo, ai kullum ina ganinsa!"

A wurin mai faci garma ta kwashi tayoyin da ya jera, suka bi ta suna birgima. Mai faci bai ko yi ihu ba. Ya ɗauke tukunyar iskarsa ya koma gefe, kamar mutumin da ya san ranar nan tana tafe.

Sai kwana. Mata suka watsar da bokitai. Na ji ƙarar da bututu ya yi, ƙas, sai ruwa ya yi tsiri sama ya fi rufin gidaje. A nan ne babanku ya waiga. Ya taka birki da ƙafa biyu. Garma ta tashi, ta taso da bututu, bututu ya jawo famfo da ginshiƙinsa daga ƙasa kamar an tuge rogo. Bakin da ya fashe ya juyo daidai kujerar direba. Hularsa ce ta fara tafiya.

Daga nan hankalinsa ya bar jikinsa. Ya danna hon don mutane su kauce, garma ta faɗi. Ya taka birki, ta tashi. Hon, ta faɗi. Birki, ta tashi. Tana sama tana ƙasa kamar mai daka, tana kirɓa bokitan mutane a cikin laka. Gwiwar hannunsa ta bugi sigina, hon ya dawo yana ɓit, ɓit, ɓit, abin share gilashi yana kaɗawa, ba gilashin da ya rage a bushe. Sannan hayaƙi ya fara fitowa daga ƙarƙashin kujera. Ƙusa dai namiji ce, ba ta mutu ba. Wayoyin ne suka mutu a madadinta, jar robar tana narkewa tana ɗiga.

Dogo ya yi tsalle ya faɗa cikin kunya, laka har wuya. Babanku ya miƙe tsaye a kan tarakta, ruwa yana dukansa, hayaƙi yana tashi tsakanin ƙafafunsa, yana ihu, "A kawo testa! Wani ya kawo mini testa!"

Na fizgi sifana a hannun mai faci, na ɗaure zane, na kutsa cikin ruwan. Na sha ganin direba yana kwance kan batir, na san wanda ake fara cirewa. Na kwance shi na jefar. Komai ya mutu. Sai ƙarar ruwa kawai.

Sai wata tsohuwa daga cikin masu ɗiban ruwa ta ɗaga bokitinta da ya koma faifai, ta ce, "Injiniya, masara za a shuka ko wake? Don mu san abin da za mu fito da shi."

Wurin ya fashe da dariya. Wani ya ce tun da an huɗe a raba wa kowa kunyar ƙofar gidansa. Wani ya ce a bar shi ya zagayo ya yi ɗaya gefen, kada a ce an yi son kai. Dogo ya fito daga laka yana rungume da allonsa, ya ce, "Injiniya, wannan ma da gangan ne?"

Babanku ya sauko, ya matse bakin riga, ya dubi bututun, ya ce, "Laifin masu binnewa ne. Sun sa shi sama-sama. Da ban gano ba, wa zai gano?"

Ba don an riƙe mai faci ba, da yau wata maganar muke yi.

Maza suka kwance garma suka ɗauko ta a kafaɗa, suka turo tarakta har gida. Sun wuni suna cike titi da shebur. Famfo har yanzu ba a gama gyara shi ba. Matan layi sun koma ɗauko ruwa daga nesa, kuma hanyarsu ta ƙofata take. Kowace ta zo sai ta tsaya da tulu a ka ta ce, "Hajiya, ina kwana? Ya jikin Injiniya? Ya amfanin gona?" Ni da ban taɓa sunkuyar da kai a layin nan ba, yanzu ta ƙofar baya nake fita.

Makanike ya zo ranar da ya ce zai zo. Ya leƙa ƙarƙashin kujera ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago ya nemi ruwan sha. Na kawo masa akwatin ƙwaƙwalwa daga kicin, ya karkaɗe gishiri, ya ce wannan dai Allah ya tsare shi, cire shi da aka yi ne ya cece shi. Ya ce ya san inda wata tarakta irin wannan take a kwance, zai ciro wayoyinta gaba ɗaya ya dasa a tamu, aikin wuni guda ne. Sharaɗinsa ɗaya, kada Injiniya ya kasance a gidan. Ba a tsakar gida ba, ba a falo ba, ba ta taga ba.

Ashe babanku yana bayan ƙofa. Makanike yana fita, babanku ya kira masu tura kaya suka tura tarakta cikin rumfar ajiya, ya ja ƙofa, ya danna mata kwado. Makullin ya zura a igiya ya rataya a wuya. Da shi yake wanka, da shi yake barci. Wai saura waya ɗaya. Wai ya gano ta, ta hon da ta saukewa kawai zai musanya. Wai ba zai yi wahala har ya rasa gemu ba sannan wani ya zo ya kwashe yabo. Jiya na gan shi ya dawo da sabon naɗin waya. Wannan karon baƙa ce. Ya ce ya karɓi gyara a kan maganar launi.

Na yi magana da taushi, na yi da zafi, na yi shiru. Ina da guduma, kwadon nan bugu ɗaya ne. Amma in na fasa, gobe zai sayo wani, kuma layi ya riga ya sami abin dariyar da zai ishe shi shekara, ba sai na ƙara musu da ni da mijina muna kokawa a bakin rumfa ba. Ubanku ne. Ku yake jin kunya, ni ya daina tun tuni.

Ruwa ya sake sauka shekaranjiya. Masarar maƙwabtana ta fito, tawa tana ɗaki a ɗaure, ciyawa ta kai idon sawu. Makanike ya ce gobe yana da sarari, bayan gobe ya tafi wani aiki, ban san ranar dawowarsa ba.

Saboda haka ga abin da nake so. Ku fita ku same shi, ku karɓo makullin nan, da lallashi ko da me, ba ruwana. Babba, ka sa shi a mota ka tafi da shi gidanka ya ga jikokinsa har a gama huɗa. In kana da abin da kake so mai amfani da wuta, ka ɓoye. In kuwa kun ce ba ku iya ba, ba komai, gonar dai ba za ta kwana bana ba. Ku waiga bayan ƙofar nan. Fartanyu ne, sababbi, kowa da tasa, har na sa an wasa muku. Gobe da sassafe ku tuɓe takalman ofis ku biyo ni.

Ku tashi. Ina jin muryarsa daga nan, ya kai wurin da yake cewa titin ne ya shigo ƙarƙashin garma. Ku je ku raba ni da ubanku a kan maganar nan kafin rana ta faɗi.